Dattijuwa Mai Ƙullin Ƙasa

Tun ɗazu direba yake satar kallon wata dattijuwa a bakin tasha. Gajera ce, farcenta duk laka. Ta rungume dashen itatuwa a cinya, kowanne da ƙullin ƙasarsa: wata ja, wata baƙa, wata mai yashi. Bini-bini sai ta tsoma yatsa ta taɓa danshin, kamar mai duba goshin jariri.

Ya tambayi kansa: matar mai gadin daji ce, ko gonar gado za ta raya? Ya kasa haƙuri.

"Inna, har da ƙasa? Inda za ki babu ita ne?"

"Akwai, ɗan nan, amma ba irinta ba. A dajinmu, cikin kwari itatuwa iri-iri ne, dogaye. Kan tudu kuwa duk a tsugune suke. Kowanne da ƙasar da ta karɓe shi. Bara na dasa a gidan ɗana a birni, duk suka bushe."

"To, bana fa?"

Ta ƙara ɗaure bakin ƙullin jar ƙasar.

"Bana har ni za a dasa a can. Zan ga wa zai riga kamawa, ni ko su."