Baba Mai Launi da Fuskar da Ruwa Ya Wanke

Kafin maƙwabtansa su buɗe shagunansu, Baba Mai Launi ya riga ya share ƙofar nasa, ya wanke burusansa da kananzir, ya jera gwangwanayen madarar da yake dama fenti a ciki. Ba ya haɗa launin fatar mutum a hasken lantarki. Sai ya jawo benci bakin taga, ya ɗiga ja, ya ƙara ruwan ƙasa da ɗan rawaya, ya shafa a bayan hannunsa ya duba. Matarsa takan ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ainihin launin hannunsa na hagu ba.

Aikinsa zana hotunan coci da gyara waɗanda suka tsufa. Bana ya ajiye aikin, don hannu ya fara rawa, gwiwa kuma ta ƙi hawan tsani. Shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da na gani da idona tun yana raye, ya ji da kunnensa.

Garinmu garin baƙi ne, kowa kuma da hoton da ya taso da shi. A shagon Baba na fara ganin Yesu Almasihu mai gashi ruwan zinariya da shuɗin ido, kusa da shi ga wani baƙi wuluk mai manyan idanu da aka zana a kan fata. Wata nas da ta zo daga gabas mai nisa ta kawo hoton Maryamu mai ƙananan idanu, sanye da siliki, tana riƙe da jariri mai santsin gashi. Duk yadda aka kawo masa hoto, haka yake mayar da shi. Wani ɗan kasuwa ya taɓa kawo hoton da matarsa ta zo da shi daga ƙasarsu, ya ce a ɗan haskaka fuskar, ta yi dauɗa. Baba ya goge ƙurar, ya nuna masa cewa launin ke nan tun asali. Ya ce, "Kowa ya tashi zana shi, fuskar mutanen gidansu yake tunawa. Kai mata abinta yadda ta san shi."

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shekarar da rufin cocinmu ya yi yoyo. Ruwa ya bi bangon bayan bagade, ya jiƙa babban hoton Yesu da yara, ya wanke fuskar tas. Hoton tsoho ne, Yesu fari sol, mala'ikun da ke kewaye da shi su ma farare. Da aka zo maganar gyara, sai jama'a ta rabu biyu, kuma jagororin ɓangarorin daga gidanmu suka fito: mahaifiyata da ƙaninta, Kawu, shugaban mawaƙa.

Mama ta ce a mayar da fuskar yadda take, ko gashi ɗaya kada a taɓa. A gaban hoton nan aka ɗaura mata aure, a gabansa kuma aka ajiye gawar babanmu. Kawu ya ce wannan karon sai dai a zana shi baƙi kamar mu. Shi ma da dalilinsa. An taɓa samun jikarsa a banɗaki tana dirje hannunta da soso har ya yi ja, wai tana so ta yi fari, don ta lura babu baƙi ko ɗaya a cikin mala'iku. Wa za ka ce wa ba shi da gaskiya?

Aka yi ta zama ana tashi baram-baram. Ranar Lahadi masu goyon bayan Mama suka koma zama a dama, na Kawu a hagu. Wasu iyalai suka fara maganar canza coci. Kawu ya daina shigowa gidanmu, shi da ba ya wuce ƙofarmu bai leƙa tukunya ba. Ni na zama ɗan aike tsakaninsu: "gaya wa ƙanin nan nawa", "gaya wa Yaya". Da Fada, limamin cocinmu, ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya danƙa aikin a hannun Baba Mai Launi, ya ce duk abin da ya zana a karɓa.

Baba, a nan ne na san kai wane ne. Ba ka taɓa burushi ba sai da ka taka har gidajen mutane. Ka zauna a tsakar gidanmu ka tambayi Mama abin da take tunawa a fuskar nan. Ta fara da gashi, ta koma hanci, sai ta rikice, ta kasa tuna ko akwai gemu sosai ko kaɗan ne. Can ta ce abin da ba za ta manta ba shi ne yadda yake sunkuyar da kai yana kallon mutum, kamar ya riga ya san damuwarsa. Ka je wurin Kawu, shi ma ka bar shi ya zazzage cikinsa, har ya sauko ya ce shi dai burinsa yarinyar ta ɗaga kai a coci ba tare da ta ji ita baƙuwa ce ba. Ba ka yi wa kowa wa'azi ba. Ka sha ruwa, ka yi godiya, ka tafi.

Baba ya rufe bangon da babban labule ya shiga aiki. Ko Fada bai bari ya leƙa ba.

Ranar da za a yaye labulen, coci ya cika maƙil, har da waɗanda suka daɗe ba su zo ba. Na zauna a tsakiya, na san idan Mama ta tashi ta fita, rabin cocin zai bi ta. Aka ja labulen.

Ga Yesu nan zaune, fatarsa ruwan ƙasa irin ta mutumin da ya sha tafiya a rana, gashinsa baƙi mai murɗewa, hannuwansa manya irin na kafinta. Kansa a sunkuye, yana kallon mutum kamar yadda yake yi a da. Yaran da ke kewaye da shi kowa da launinsa, haka ma mala'ikun. A bangon gefe kuma, cikin ƙaramin firam, ga tsohuwar fuskar nan fara, Baba ya sake zana ta daga tunaninsa, bai rage komai ba.

Mama ta tashi. Amma gaba ta nufa, ba ƙofa ba. Ta tsaya a gaban bagade ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo ta ce, "Shi ne. Rana ce kawai ta ɗan taɓa shi."

Kawu ne ya fara dariya, sai cocin ya ɗauka. Jikarsa kuwa ta ja masa riga, tana nuna masa wata mala'ika baƙa mai kitso irin nata. Ba zan ce kowa ya gamsu ba. Akwai waɗanda suka yi ta gunaguni, ɗaya ma ya tafi sai bayan watanni ya dawo. Amma a ranar Kawu ya biyo mu gida, ya ci abinci har ya nemi ƙari, Mama tana zuba masa tana cewa ai dama yunwa ce ta kawo shi, ba sulhu ba.

Kai ne mai launi, mai sanyin hannu, wanda ya ɗinke ɓaraka da burushi. Mun gode, Baba. Gidanmu ya gode, cocinmu ya gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya ƙara wa gwiwa lafiya.

Mu kuma da muka rage, ba kowa ne zai iya zane ba, amma kowa yana da kunne. Duk ranar da aka sa ka tsakanin 'yan'uwa biyu da kowannensu ya rantse shi ke da gaskiya, kada ka yi saurin yanke hukunci. Je ka gidansu, zauna, ka tambayi kowa abin da yake tsoron rasawa.