Ƙarfen da Ya Tura Mu Cikin Rafi

Dutsen wanki na fara gani. Watan Agusta ne, ruwa ya yi kwanaki yana zuba, gonakin citta sun jiƙe har ƙafa na nitsewa. Na sauka rafi da safe da kayan wanki a ka, ina sa ran ruwa ya kai min gwiwa kamar kowace damina, sai ga dutsen da muke wanki a kansa da rani a fili, ruwa na bin gindinsa siriri kamar wanda aka zubar daga kwano. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin bayan dutsen nan da damina ba. Na tsaya ina kallonsa. Ruwan da sama ta zubar, ina ya tafi?

Edita, ban saba rubuta wa mujalla ba, ku yi haƙuri da yadda maganar za ta zo. A lokacin ban kai shekara ashirin ba, na gama sakandare ina jiran sakamako, ina zaune da Mama a ƙauyenmu da ke tsakanin Kafanchan da Samaru Kataf. Yayata tana aiki a Sabon Tasha, ta kawo mana 'yarta yaye. Mama kullum tana gona, don haka yarinyar a bayana take wuni. Da yayata za ta koma ta ce min, cikin wasa, idan ko ƙurji ya fito wa 'yarta ni za ta tambaya.

Sai na bayyana yadda muke zaune kafin ku gane sauran. Tun da 'yan bindiga suka shiga wani ƙauye kusa da mu, barci ya ragu a garinmu. Ƙungiyar ci gaban ƙauye, wadda a da aikinta gyaran hanya da rufin makaranta, ta koma maganar tsaro kawai. Ciyaman ɗinmu tsohon hedimasta ne, mutum mai tsari, kuma shi ya tsara mana abin yi. Akwai tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a mangwaron gaban coci. In an buga shi a hankali, lokacin sujada ne. In an buga shi da sauri ba tsayawa, to hatsari ne: maza su taru, mata da yara su gangara rafi su shige kurmin gora, inda gaɓa ta yi tsawo har ba mai hango mutum daga sama. Kowa ta kashe waya, kada ƙara ta tona mu. Kowa ta toshe bakin ɗanta. Ba mai fitowa ko sunanta ta ji an kira, sai shugabar zumuntar matan coci ta ba da izini. Mun gwada wannan sau da yawa har ƙafafunmu suka haddace hanyar.

Tun farkon damina wasu baƙi suka zo da katafila da motocin tifa, suna yanka hanya can sama da mu, bayan tudu, wai zuwa gonar wani babban mutum. Ba wanda ya san sunansa. Ƙungiya ta tura wakilai su tambayi wa ya ba da izini, aka ce musu su dawo wani lokaci. Daga nan zargi ya cika gari. Wasu suka ce ba hanyar gona ba ce, hanya ce ake buɗe wa masu kawo hari. Wasu suka ce an ga ciyaman yana gaisawa da direban tifa, me ya haɗa su? 'Yan banga suka hana kowa haura tudun, wai kada a sace mutum. Saboda haka ba wanda ya je ya ga abin da aka yi wa rafinmu a can.

Na gaya wa Mama maganar dutsen, ta ce in gode wa Ubangiji na samu wurin wanki. Ban haƙura ba, na gaya wa shugabar zumuntar mata, domin a wurinmu budurwa ba ta miƙewa ta yi magana gaban dattawa. Ranar Lahadi bayan sujada, da aka zauna mitin a ajin firamare, ta kawo maganar a ƙarshe, lokacin da mutane sun fara kaɗe wando. Wani ya ce su mata ba a iya musu, ruwa ya yi yawa kuka, ya yi kaɗan kuka. Wani ya ce 'yar boko ta gama makaranta ta rasa aiki, ta koma auna rafi da ido. Aka yi dariya, ni ma na yi murmushi don kunya. Ciyaman ya ce ba ya raina maganar, amma wanda ake nema da bindiga ba ya tsayawa lissafin ruwa, a bari sai an gano masu tifa tukuna. Kawuna, ƙanen Mama, yana cikin 'yan banga, shi kaɗai bai yi dariya ba. Da muka fito ya tambaye ni a yarenmu ko da gaske na ga gindin dutsen. Na ce har wurin da sabulu ya ci.

Akwai wata mai nono da ke zuwa gidanmu tun ina ƙarama. A da ƙawar Mama ce, takan ajiye ƙwarya ta zauna su yi ta hira, Mama ta ba ta acca ta tafi da ita. Tun da abubuwa suka lalace sai a bakin ƙofa ake saye, a tsaye. A makon nan ta zo, bayan ta auna nono ta rage murya ta ce wa Mama masu hanya sun cike rafin da jar ƙasa, bututu ɗan ƙarami kawai suka sa a ƙasa, shi ma ya toshe. Ta ce ruwa ya taru a baya kamar tafki, shanunsu ma sun daina bi ta wurin, don Allah kada mu bar yara su sauka rafi. Mama ta yi mata godiya. Tana juya baya Mama ta kalle ni ta ce, wa ya gaya mata muna sauka rafi? Me ya sa take so mu bar wurin? Gaskiya ni ma na yi shakka. Ga amsar tambayata an kawo min har gida, amma saboda bakin da ya kawo ta sai na ji tsoronta. Maganar ta isa wurin ƙungiya a matsayin cewa an gano maɓoyarmu. Abin da aka yanke shi ne mu ƙara nutsawa ciki, inda gaɓar ta fi tsawo kuma ta fi santsi.

Ranar da abin ya faru rana ce tas, ruwa ya ɗauke tun hantsi. Mama tana gona, ni ina shanya acca a tsakar gida, sai ƙarfe ya fara, da sauri, ba tsayawa. Ban yi tunani ba. Na saɓa yarinyar a baya, na kashe waya, na shiga gidan maƙwabta na kama hannun tsohuwar da dukanmu muke kira Kaka, muka bi sauran mata muka gangara. Daga baya na ji cewa kawu ne ya buga. Ya saci jiki ya haura tudun shi kaɗai, ya ga jar ƙasar ta tsage tana zubewa, ya sheƙo da gudu, ya yi abin da aka koya masa a yi in akwai hatsari. Ƙarar hatsari ɗaya gare mu, maɓoya ɗaya. Sai da ya ga bayan mata suna gangarawa ya gane abin da ya yi. Ya yi ta kiran wayoyi, duk a kashe. Ya yi ta ihu, mu kuwa an riga an gaya mana kada mu amsa kowa.

Muna tsugune cikin gora, ba ka jin komai sai numfashi da addu'a ƙasa-ƙasa. Sai muka ji muryar mace daga saman gaɓa. Na leƙa ta tsakanin ganye, mai nono ce, ba ƙwarya a kanta, tana ɗaga hannu tana cewa mu fito, mu hau sama, ruwa na zuwa. Shugabar zumunta ta yi mana alama kowa ta zauna. Wata kusa da ni ta raɗa cewa ai ga shi nan, haka suke yi, su turo mace ta fito da mu fili. Na yarda da ita, Ubangiji shaida ne, har na ƙara danne bakin yarinyar. Sai na ji sanyi a yatsun ƙafata. Na duba, ruwan da ke bi ta ƙarƙashinmu ya koma ja, ga yagaggen buhun siminti yana tafe a kai. Iska mai warin sabuwar ƙasa ta buso daga sama, tare da wata ƙara kamar tifa na juye duwatsu. Dutsen wanki ya faɗo min a rai. Ban san lokacin da na miƙe na kurma ihu a yarenmu cewa ruwa ne, gaskiya take faɗa ba.

Kowa ta yi kan gaɓa. Wurin da muka zaɓa don kada a gan mu shi ne wurin da ba ya hauwa. Ina jan Kaka, ƙafa na zamewa, ruwa ya kai min cinya, ya kai ƙugu. Kaka ta ce in sake ta, wai ɗiyar mutane ce a bayana, ita ta ci nata zamanin. Na ce ba zan sake ba. Ita ta fizge hannunta. Ruwa ya buge ni na nutse har kai, na taso na cafki saiwar gora. Sai ga mayafi ya sauko gabana, mai nono ta kwanta rub da ciki a bakin gaɓa ta riƙe ɗaya gefen, tana ce min 'yar gidan ƙawata riƙe, kada ki kalli baya. Ta ja, wasu mata da suka riga suka hau suka kama ƙafafunta suka ja. Da na kai sama na kwance goyo, yarinyar ba ta kuka, idonta a rufe. Maza suka iso da igiya suka ciro waɗanda suka maƙale a gora. Kawu ya ɗora ni a babur da yarinyar a ƙirjina, muka nufi asibiti a Kafanchan.

An karɓe ta an shiga da ita, aka bar ni a benci. Abin da na yi ta juyawa a kan bencin nan shi ne har yau nake juyawa. Daga baya an samu kowa ban da Kaka, ita sai can ƙasa wajen gonakin shinkafa aka tsinci gawarta. Masu tifa sun kwashe kayansu, har yanzu ba mu san mai gonar ba, kuma har yanzu akwai masu kallon ciyaman da gefen ido, ko da yake ban taɓa ganin abin da ya tabbatar da zargin ba. Ƙungiya ta rataye ƙarfe na biyu mai wata murya daban domin ruwa, ta ware wurin gudu a kan tudu. Kawu ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu. Ni kuma ban sake sauka rafi ba.

Ba ina cewa tsoronmu na banza ba ne, mun ga abin da ya sa muke tsoro. Amma ya cika mana ido har muka kasa ganin wani abu ban da shi. Ina roƙon duk ƙauyen da ke da tsari irin namu, ku zauna ku tambayi kanku, in wuta ce fa, in ruwa ne fa, ina mata za su nufa? In baƙi sun taɓa rafinku ko sun yanka hanya sama da ku, ku tara mutane ku je ku gani da idonku, kada ku zauna kuna zargin juna a aji. In yarinya ta ce ta ga abin da ba ta saba gani ba, ku bari ta gama magana kafin ku yi dariya. In kuma wanda kuke shakka ya kawo muku gargaɗi, ku bincika gargaɗin tukuna, shakkar ba za ta gudu ba.

A asibiti ranar nan, rana ta yi ƙasa lokacin da wata nas, babbar mace, ta fito ta tsaya a kaina. Na kasa ɗaga ido, ina tunanin abin da zan gaya wa yayata. Ta ce yarinyar ta amayar da ruwan, ta yi kuka har ta ishe su, yanzu tana neman abinci. Na ji ta, amma ina ta kallon ƙofa. Sai ta zauna kusa da ni ta ce, ƙanwata, ba ruwa a nan, ba mai bin ki, kin tsira ke da ita. Ta kama hannuna tana buɗe yatsuna ɗaya bayan ɗaya, sai a lokacin na ga ashe mayafin nan na naɗe a hannuna tun daga rafi, duk jar ƙasa. Ta tambaye ni na wane ne.

Na ce na ƙawar Mama ne.