Aron Murya

Ni na kai kaina, wannan ba zan ɓoye ba. Babu wanda ya ja ni. Da ƙafata na taka har zauren gidansa da ke bayan Kusugu, da takarduna cikin jaka, na durƙusa na gaishe shi.

Malamina ne. Shi ya koya mini tarihi a sakandare, kuma shi ya hau babur har Zango ya zauna da mahaifina ya shawo kansa aka bar ni na tafi kwaleji. Tun daga ranar nake ce masa Baba, shi kuma ya ce mini ɗiyata. Lokacin da abin nan ya faru ya kusa ritaya, ni kuma ina koyar da tarihi a wata makarantar 'yan mata a cikin Daura.

Littafin tarihin duniya uku ne kacal a makarantar, ɗaya ma a yaƙin duniya na farko ya tsaya, don an yage sauran. Da na gaji sai na koma wa wayata. A intanet na tarar da abin da ko a kwaleji ban gani ba. Akwai taswirar da za ki ja shekaru da yatsa, ki ga daula tana kumbura tana sacewa. Akwai gidajen adana kayan tarihi na ƙasashen waje da suka ɗora hotunan kayansu kyauta, ga laccocin jami'o'i sai wanda kika zaɓa. Amma duk da Turanci ne, Turancin ma mai gudu, 'yan ajina ba za su tsinci komai ba. Sai na riƙa tsayawa bakin tagar ofishin malamai, inda sabis ya fi kamawa, ina saukewa. In na koma gida in karanta, in tace, in sake rubutawa da Hausa yadda yarinyar da ta taso a Mai'adua za ta gane. In zan yi bayanin hanyar siliki, da fataken kakanninmu nake farawa, masu kai hatsi arewa su dawo da gishiri da dabino. In na zo kan yadda Turawa suka yanyanka Afirka, sai in ce su tuna gonar da rabinta ke Nijeriya rabinta ke Nijar. Shekara biyu na yi ina wannan aiki, har na tara darasi arba'in.

Matsalar ita ce yaran ba su da lokacin karatu a gida. Amma suna iya saurare, suna wanke-wanke ko tankaɗe, wayar uwa na gefe. Ke nan sai an ɗauki darussan da murya. Maigidana ya ce, "Ki yi da bakinki mana, wa ya hana ki?" Na ce Allah ya kiyaye, muryata ta riƙa yawo a tasha da teburin mai shayi, yayyena su ji? Ya ɗaga kafaɗa ya ce ni na jiyo. Wallahi har yau in na tuna ɗaga kafaɗar nan sai na ji kamar in mari kaina.

Shi ne na kai wa Baba ya karanta, ya karɓa da murna. Duk Asabar da hantsi nake zuwa, in ajiye waya a kan buzunsa, shi ya karanta. Murya dai Allah ya ba shi, mai kauri, ba gaggawa. Sunayen garuruwa ne ke ba shi wuya, sai in rubuta masa su gaɓa-gaɓa a gefen takarda. Ranar farko, kafin in danna, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗiyata, in faɗi sunanki a farko?"

Na sunkuyar da kai na ce, "A'a Baba, ni wace ce."

Kowa ya san wannan a'ar. Ita ce wadda ake yi in an miƙo maka abinci a gidan surukai. Ana yin ta ne don a sake tayi, a ce haba, dole ne. Na zauna ina jiran ya ce haba. Ya gyara tabarau, ya yi sallama, ya fara karatu.

Darussan suka tafi yadda ban zata ba. Daga 'yan ajina suka shiga guruf ɗin malamai, daga nan sai Sandamu, sai Ɓaure. Ɗansa ya buɗe musu shafi a intanet, ya ɗora hoton Baba da babbar riga a sama. Wata rana a motar haya zuwa Zango direba ya kunna darasin annobar da ta cinye mutanen Turai, wani dattijo a gaba ya ce, "Kai, wannan bawan Allah ya sha karatu!" Kun san abin da na yi? Murmushi na yi cikin hijabi, sakarya da ni. A raina cewa nake Baba ya sani, kuma ranar da ta dace zai faɗa.

Sai ga takarda ta zo makaranta. Za a yi wa malaman tarihi na masarautar Daura bita kan yadda ake koyarwa da kayan intanet, kuma Baba ne zai horar. Shugabar makarantarmu ta kira ni ofis ta ce ta sa sunana cikin masu zuwa koyo. Har da ƙari: "Ki buɗe kunne da kyau, ki ga yadda manya ke yi. Ke kullum kina bakin taga da waya, ba mu ga abin da kika tsinana ba."

Na fita daga ofishin. Ana tashi na hau acaɓa sai gidansa.

Na gaishe shi kamar kullum, sannan na ce, "Baba, an ce in zo ka koya mini darussan nan."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba. Da ya ga haka sai ya haɗe fuska ya ce, "Ai na tambaye ki. Da bakinki kika ce a'a."

"Kunya ce, Baba. Ka san kunya ce."

"To ni na shiga zuciyarki ne? Kuma tsaya in tambaye ki, abin da kika sani ɗin, wa ya ɗora ki a kai?"

Gaskiya ne, shi ya ɗora ni. Amma bai taɓa jin sunan rabin garuruwan nan ba sai a takardata, kuma ya san na sani. Hawaye suka zubo mini, na takaici ne ba na neman tausayi ba. Sai ya sassauta murya ya ce in share, shi ba azzalumi ba ne, ranar bitar zai tsayar da ni gaban kowa ya faɗi wadda ta yi aikin. Na ce, "Ka yi alkawari, Baba?" Ya ce ya yi. Na koma gida na gaya wa maigidana, har na ciro sabon leshina na kai guga.

Ranar bita zauren ya cika. Na zauna a layi na biyu, wajen mata, kusa da shugabarmu. Baba ya tashi ya fara godiya. Ya gode wa Allah, ya gode wa waɗanda suka shirya taron. Ya gode wa ɗansa da ya buɗe shafi. Ya gode wa iyalinsa da suka yi haƙuri da shi shekara biyu yana bincike. Shekara biyu yana bincike! Idonsa ya biyo ta layinmu, ya tsallake ni, ya ce to bismilla, a kunna darasi na farko.

Na zauna ina sauraren jimlolina ɗaya bayan ɗaya, mutane na rubutawa a littafi. Shugabarmu ta taɓa ni ta ce in rubuta mana.

Bayan azahar aka ba da damar tambaya. Wani malami daga Ɓaure ya miƙe ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a darasin hanyar siliki an ce sana'ar yin takarda daga ƙasar Sin ta shigo ƙasashen Musulmi. Ta wane gari ta biyo? Kuma taswirar da aka ambata, a wane shafi za mu same ta mu nuna wa yara?"

Baba ya yi gyaran murya. Ya jujjuya takardun gabansa, amsar ba ta ciki, don ban rubuta ta ba. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Wasu samarin malamai a baya sun fara duban juna. Na ga gumi na bin wuyansa. A raina na ce yawwa, yau dai. Abin da ya rage mini shi ne in yi shiru, shirun minti ɗaya tak.

Sai ya dube ni. Karo na farko ke nan tun safe. Ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ce. Ga wata ɗalibata can, ko ita ma za ta iya amsawa. Ɗiyata, tashi ki gaya musu."

Na tashi. Ban san lokacin da ƙafafuna suka miƙe ba. Mutum ne sa'an mahaifina, a gaban jama'a, da furfurarsa, kuma ba a taɓa koya mini yadda ake barin irinsa ya ji kunya ba. Na ce ta Samarƙandu ta biyo. Na faɗi shafin, na nuna musu yadda za su ja shekarun da yatsa, da yadda za su sauke taswirar don su nuna ta ko babu sabis. Na yi bayani tiryan-tiryan, muryata ko rawa ba ta yi ba.

Aka tafa sosai. Malamin Ɓaure ya juya wajen Baba ya ce, "Kai, Malam, ka iya koyarwa! Dubi ko ɗalibarka." Baba ya dafa ƙirji ya ce yin Allah ne.

Shugabarmu ta matso ta raɗa mini, "Kin gani ko? Wuni ɗaya kawai, har kin fara kamawa."