Duwatsun Baba Furobans

Abu ɗaya nake so a ce ban yi ba, kuma yau na ɗaura niyyar faɗinsa, tunda gemu ya yi fari. Ni na rushe katangar saman gonar Baba Nomau. Ba ruwa ba ne, kamar yadda na daɗe ina gaya wa mutanen Dogarawa. Ni ne, Isufu, ɗan ƙanensa, da hannuna da amalanken jakina.

Ku da kuka san shi kun sani, Baba Nomau ba ya wuce dutse. Ko daga masallacin Juma'a aka taso, ko daga jana'iza, in ya hangi dutse sai ya duƙa ya ɗauka, ya jujjuya shi kamar mai sayen mangwaro. In ya yi masa, ya jefa cikin tsohuwar jakarsa ta soja. In bai yi ba, ya ce, "Kai ba ka da mazauni," ya yar. Duk wanda ya raka shi tafiya sai ya makara.

Asalin abin daga yaƙin Turawa ne. Yana saurayi aka ɗauke shi soja, jirgi ya sauke su a kudancin Faransa, a ƙasar da ake kira Furobans. Ya ji rauni a ƙafa, ya yi watanni yana jiyya kusa da gonar wani tsohon makiyayi. Can ya ga tsauni an yanka shi hawa-hawa, kowane hawa da katangar dutse, ba laka ba siminti, tana tare ƙasa kada ruwa ya tafi da ita. Tsohon ya koya masa jerawa. Da ya dawo gida ya tarar da gonar gadonsu a gangare, ruwa yana cinta kowace damina, sai ya fara. Shekara arba'in yana jera dutse, mutane suna dariya, har sunan Baba Furobans ya bi shi.

In ya fara labarin ƙasar nan, to hurarka sai ta yi tsami. "Ku kuna zaton Bature duka guda ne! Mutanen Furobans da nasu sarki, da nasu harshe. Na Paris suka haɗiye su, yadda suka haɗiye mu. Tsohon nan ya ce da ni, yana yaro in ya yi maganar gidansu a lakwal, wato makarantar boko, dukansa ake yi. Amma katangar da kakan kakansa ya jera, tana nan tsaye!"

Wata rana mushen lakwal ɗin garinmu, malamin da ke koyar da yara, ya so ya gyara masa. Ya ce, "Baba, ai lardin nan an daɗe da soke shi, an yayyanka shi gunduwa-gunduwa."

"Ka tahi can?"

"A'a, a littahi na gani."

"To littahin ya ce katangar ta faɗi?"

"Ba a yi maganar katanga ba."

"Mayar musu da littahinsu, Mushe, ba su ƙare rubutu ba."

Akwai ranar da muka dawo daga kasuwar Konni, ni da shi, cikin motar haya. Ya sa aka ɗora wani buhu a sama, mutum uku suna nishi. Direba ya ce, "Baba, gishiri ne ko baƙin ƙarfe?" Ya ce, "Kai dai tuƙa." Da muka iso shingen jandarma, suka ga motar ta karkace, suka ce lalle kayan fasa-ƙwauri ne daga iyaka. Aka sauke, aka kwance. Dutse! Jandarma ya zazzage har ƙasa yana neman abin da aka ɓoye, bai samu ba. Baba ya ƙame ya sara masa, sa'an nan ya nuna dutsen da suke tokare sandar shingen da shi, ya ce, "Shef, wancan fa, kuna aiki da shi sosai?" Wallahi da shi muka taho.

Ko auren ɗiyarsa Hadiza bai tsira ba. Ita da Mamman suna son juna, kowa ya yarda. Da magabatan Mamman suka zo, Baba ya ce shi bayan sadaki ba ya son tufa ba ya son goro, a kawo masa dutse kayan jaki goma. Mamman ya yi kwana uku a bakin gulbi yana zaɓo masu sulɓi, masu kyau, kamar ƙwai. Baba ya duba ya riƙe baki. "Wanga yaro, gona zan tare ko dara zan yi? Mai kusurwa nake so, mummuna!" Sai da Inna Hajo, matarsa, ta ce in bai bar ɗan mutane ya huta ba za ta dafa masa dutsen ya ci, sa'an nan ya karɓa.

To yanzu ga nawa laifi. Bayan babban farin nan da ya kashe mana dabbobi, yanar ido ta kama Baba, aka tafi da shi asibiti, ya bar mini gonar. Ni kuwa ina son gina ɗaki, ina neman dutsen harsashi, ga shi an tara a wuri guda, zaɓaɓɓe. Na ce a raina, shekara nawa ba a yi ruwan kirki ba, me katanga take tarewa? Na kwashe katangar sama duka cikin kwana huɗu.

A daminar nan sama ta buɗe. Ruwa ya gangaro daga tudu bai tarar da abin tare shi ba, ya ture katanga ta biyu, ya tsaga gonar gida biyu, ya tafi da hatsi da ƙasar da aka yi shekara arba'in ana tarawa. Da Baba ya dawo da ido sabo, na kai shi gonar na ce, "Baba, ka ga ikon Allah, ruwa ya kwashe duwatsun."

Ya dubi gonar, ya juya gida. Washegari ya zo yi mini barka da sabon ɗaki. Ya ƙi tabarma, ya tsuguna a gindin bango, ya shafa wani dutse da ya leƙo daga harsashi.

"Wanga na shingen jandarma ne," in ji shi. Ya shafa na kusa. "Wanga na Mamman ne. Isuhu, ruwan bana akwai hankali. Ya ɗebi dutse, ya hau tudu da shi, ya jera maka da kyau."

Ya miƙe ya kaɗe riga ya tafi. Bai gaya wa kowa ba, har Inna Hajo. Da safe na hango shi da jaka, yana ɗingishi, ya fara daga dutse na farko, yana da shekara kusan saba'in. Na so in bi shi in ce ya yafe mini. Kunya ta hana ni ranar, ta hana ni washegari, har shekara shida.

Kafin ya rasu ya ga ranarsa. Mutanen furoje, ma'aikatan raya karkara, suka zo da mota su koya mana jera dutse a gona don tare ruwa. Baba ya saurare su har ƙarshe, ya gyara musu layinsu da ƙafa, ya ce, "Madalla, samari. Kun makara kaɗan."

Ya bar katangar saura kamu ashirin. Ni na ƙarasa ta, kuma tawa ba ta yi kyan tasa ba. Jakar tana wurina. In kun ga na duƙa a hanya, ku yi dariyarku, na cancanta. Gobe in Allah ya kai mu zan tafi gidan Hadiza in gaya mata da bakina, kafin ta ji a wani wuri.

Allah ya ji ƙan Baba Nomau, ya sanyaya makwancinsa, ya sa nauyin duwatsun nan a ma'auninsa na alheri. Ku kuma ina roƙonku, kada ku yi irin tawa. In kun tarar da abin da tsoho ya jera, ku bar shi inda yake. In kuwa kun riga kun taɓa, ku je ku faɗa masa tun yana ji.