Wata Bakwai Ina Cewa "Da Sauƙi"

Ke mai karanta wannan, in akwai ciwon da kike ɓoyewa don kunya, ajiye abin da ke hannunki ki saurare ni. Kunya ado ce, amma ba ta tsayar da jini.

Kun daɗe ba ku ji ni a nan ba. Ba fushi na yi ba. Jinya na yi.

Shekara shida da ɗaukewar al'adata, sai ga jini ya dawo. Na ce zafin bazara ne. Na sha jiƙo, na sha saiwa, bai tsaya ba. In na hau kabu-kabu zuwa kasuwa sai in ga Maraɗi tana juyawa.

Ga abin haushin: ɗana na fari likita ne a Faransa. Duk Juma'a sai ya kira.

"Hajiya, Balki ta ce kin rame. Mi ke damunki?"

"Da sauƙi."

Balki ita ce autata, ita kaɗai ta rage mini a gida. Ita ma abin da nake ce mata ke nan.

Ta yaya zan buɗe baki in yi wa ɗan fari maganar jinin mata? Ko sunansa ban taɓa faɗa ba. Haka na tashi na gani a Jiratawa. Innata ce ta yaye shi, ta riƙe shi, ni kuwa in ya shigo sai in kau da kai.

Ina kewar wancan zamani. Da yamma mu dawo daga garka, zannuwanmu na ƙamshin albasa da ɗanyen zogale. Majo, babban ma'aikacin jinya na ƙaramin asibitinmu, ya bi gida-gida a kan keke. In ka ce masa da sauƙi, sai ya ja fatar idonka ƙasa ya ce, "Ƙarya kake." Lokacin, mai ilimi yana kusa, da ido yake ganinka. Yanzu masu iliminmu duk suna cikin waya.

Ranar wata Laraba na faɗi ina alwalar la'asar.

A asibiti suka ce jinina ya yi ƙasa sosai, aka ƙara mini leda biyu. Aka yi eko, wato hoton ciki, aka ga abu a mahaifa. Aka yanki ɗan nama aka aika Yamai. Ordinansin farko kaɗai, wato takardar sayen magani, ya ci jika ashirin da biyar na sefa.

Mako uku muna jira. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Har na nuna wa Balki inda na ajiye likkafanina.

Sakamako ya zo: ciwon daji ne, amma farkonsa. Sai an yi aiki. Mai yin aikin mutum ɗaya ne, layinsa ya kai wata biyu.

Ana cikin haka aka ce wata likitar mata ta sauka daga Beljik. Ɗiyar Tsibiri ce, Hadiza sunanta, duk shekara a ɗakin tiyata take cinye hutunta. Na zaci Faransanci za ta yi mini. Sai na ji Hausar gida, tsab.

"Inna, tun yaushe?"

"Ai da sauƙi."

"Ba sauƙi na tambaye ki ba. Wata nawa?"

"Bakwai."

Balki mai baki kamar rediyo ta ce, "Kuma yayanmu lokotoro ne a Faransa, ba ta gaya mishi ba."

Likitar ta ajiye biro. "Inna, mu da ke can da kunne muke duba ku. In kun toshe muna kunnen, mi ya rage?"

Ta sa Balki ta kira shi, ta miƙo mini wayar. Na juya fuska ga bango na faɗa masa komai. Can na ji yana kuka.

Na ce, "Kai, namiji da kuka?"

Ya ce, "Hajiya, kullum uwayen wasu nike dubawa."

Ni ce na ce masa ya yi zamansa can, nan babu kayan aiki. Har alfahari nake yi da shi a gidan biki.

Da safiyar Talata aka cire mahaifar, ɗakin da 'ya'yana shida suka kwanta. Kwana tara na yi a gado. Rana ta huɗu ɗana ya iso. Ya ga matan ƙauye kwance a tabarmi ƙarƙashin itacen bedi suna jiran layi. Washegari ya je ya gai da shugaban asibitin, ya nemi izini, ya sa farar riga. Ta taga na hango shi durƙushe gaban wata tsohuwa. Wannan karon ban kau da kai ba.

An sake gwaji, ciwon bai yaɗu ba. Duk wata uku ina komawa a duba ni. Jiya da kaina na daka gero.

Na gode wa Allah. Na gode wa Hadiza, da likitocinmu na nan da ba su taɓa tafiya ko'ina ba, da masu jinya, da wanda ya ba ni jini ban san shi ba.

Mata, jini bayan ɗaukewar al'ada ba zafi ba ne, ku je a duba. In kunyar ɗa ta hana ku, ku gaya wa ɗiya. Ku adana takardun gwaji wuri ɗaya.

Ku kuma 'ya'yanmu na waje, likita ne kai ko injiniya, ba mu ce ku kwaso kaya ku dawo ba. Hutun mako biyu na Hadiza shi ya sa nake rubutu yau. Wanda ya sha ruwan gulbi ya san hanyar gida.

Gidana kuwa na riga na yanke. Uku nake da su a waje. Duk wanda ya zo hutu, makon farko na gari ne, ya je ya yi wa mutane aikin da ya koyo. Kafin nan ba na karɓar turare, ba na karɓar atamfa, akwatin tsarabarsa a zaure zai kwana.