Na ce wa matata ta shiga, alhali ban ga hanyar ba

A lokacin da wannan abu ya faru ni injiniya ne a wani kamfanin iskar gas a nan Doha, na ɗan haura shekara arba'in, ina zaune a Al Wukair da matata da 'ya'yanmu uku. Halina kuwa, in zan faɗi gaskiya, shi ne ba na iya ganin tsari mai kyau a waje in bar shi a inda na gan shi, sai na kinkimo shi na kawo gida. Ni ne na taɓa manna taswirar hanyar fita idan gobara ta tashi a bayan ƙofar kicin, a gidan da ƙofarsa ɗaya ce tal. Matata ta saba da ni, takan yi murmushi ta bar ni da shirmena har in gaji in saki. Na rubuto muku ne saboda akwai shirme guda da bai ƙare da murmushi ba, kuma har yau in na tuna shi haushin kaina nake ji.

Kamfani ya tura ni kwas na wata guda a Amurka. A ƙarshen mako na biyu wani abokin aikinmu ɗan can ya matsa sai na raka shi kallon babban tseren motoci da ake yi a wani fili da ya shahara a wurinsu. Na bi shi don kada ya ga na ƙi. Filin mai siffar ƙwai ne, titin ya karkace a kowace kwana kamar bakin ƙwarya, ga jama'a maƙil. Motoci kusan arba'in, masu fasalin motar gida amma an shafe su da fenti kala-kala, suna ta zagaye a manne da juna. Awa guda na yi ina tambayar kaina me ya kawo ni. Rana tana dukana, ƙara ta cika mini kai, su kuma ba abin da suke yi sai juyawa hagu, su sake juyawa hagu. Da abokina ya ga na fara hamma sai ya ɗora mini wani abin sauraro a kunne, ya nuna mini can saman rufin da ke bisa 'yan kallo. Wasu mutane ne a jere a tsaye, kowa da madubin hangen nesa. Ya ce kowane direba yana da mutum ɗaya a can sama, domin direban an ɗaure shi tam a kujera, hular kwano ta riƙe masa kai, ba ya iya waiwaye. Wancan na sama shi ne idonsa. Sai ga muryar tana shigo mini kunne, a natse, ba gaggawa: akwai mota a damanka, tana nan, tana nan, ta wuce, shiga. Kuma da ya ce shiga, sai ka ga motar ta faɗa wani ɗan tsukin da ko akuya ba za ta yarda ta bi ba. Nan take abin ya tafi da ni. Ban san wanda ya ci tseren ba, ni dai na dawo da wannan murya a kaina.

Na dawo na tarar da abin farin ciki a gida. Matata, wadda ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani ƙaramin asibiti a Al Thumama, ta samu lasin tuƙi. Wanda bai sani ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Ba ta taɓa riƙe sitiyari a Najeriya ba, a nan ta fara, kuma sai a gwaji na uku ta ci, bayan kusan shekara biyu tana zirga-zirgar makarantar koyon mota a ranakun hutunta. Abin da take so bai wuce ta daina jiran in sauke ta da safe ko ta tsaya a rana tana jiran tasi ba. Muka sayo mata ƙaramar mota fara. Tana tuƙi a hankali, tana duba madubi kamar yadda aka koya mata, sai dai babban titi yana ba ta tsoro, musamman in wata ƙatuwar jif ta manne mata a baya tana kunna mata fitila. Da na bar ta, da wata ɗaya zai ishe ta ta saba.

Ni kuwa sai na ga ai ga inda ilimina zai yi amfani. Na zaunar da ita na yi mata lacca a kan tseren nan, har da zane a bayan takarda. Na ce kullum da safe za ta shige gaba, ni in bi ta a baya a tawa motar, ta saƙala iyafis na waya a kunne ina mata magana, ni zan zama idonta. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, Abban yara, mutanen nan da nake ba ta labari ai hagu kawai suke juyawa, ba shataletale, ba mai babur, ba motar da ke fitowa daga lungu. Ta ƙara da cewa shi wancan yana saman rufi yana ganin komai, ni kuwa ina ƙasa cikin cunkoso kamar kowa, ita kuma Allah bai ɗaure mata wuya ba, ga madubi har uku. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, kuma shi ya ƙara tunzura ni. Na ce ba ta fahimci tsarin ba ne. Na yi ta naci har ta ce khalas, shi ke nan, ta ji, a gwada.

Mako biyu muka yi a haka, kuma in akwai wanda ya cancanci lada a cikinmu ita ce. Daga ƙofar gida nake fara cika mata kunne. Rage gudu, ƙara gudu, akwai mota a hagunki, tana nan, tana nan, ta wuce. Har muryar mutumin nan nake kwaikwayo, ina jan magana a natse kamar wani ƙwararre. In ta yi sigina kafin in ce ta yi, sai in ji haushi. In na hango kanta ya juya tana leƙen kafaɗa, sai in ce me ya sa take raba hankalinta, ta kalli gaba kawai, gefe aikina ne. Wannan kalma na fi maimaitawa, kuma ita ce ta fi komai muni. Mace ta yi shekara biyu ana koya mata ta duba kafin ta sauya layi, ni na zo cikin kwana goma na kankare mata shi. Da yamma takan ce kanta yana ciwo, ni kuma in ce alamar tana koyo ce. A wurin aiki har alfahari nake yi wa abokai cewa na ƙirƙiro hanyar koyar da tuƙi.

Ranar wata Talata da safe muka fito kamar kullum. Mun hau babban titi, mun kusa inda za ta sauka dama ta nufi wajen filin ƙwallon Al Thumama, sai wata doguwar bas ta ma'aikata ta kutso tsakanina da ita. Ban ƙara ganin komai ba sai bayan bas. Na yi ƙoƙarin kaucewa, ba hanya. Sai na ji muryarta a kunnena tana cewa mahaɗar ta kusa, ta shiga dama ko ta jira. Amsar gaskiya kalma uku ce, ban gani ba. Amma mako biyu ina ce mata ni ne idonta, sai na ji nauyin in ce idon ya makance. Na lissafa a raina cewa ɗazu da na duba layin ba kowa. Na gyara murya na ce mata ta shiga, ba kowa. Abin da na ji bayan haka ƙara ce, sai salatinta.

Mai babur ne, irin masu kai abinci da akwati a baya, magidanci mai furfura a gemu. Ya taho ta damanta daidai inda madubi ba ya nunawa, wurin da waiwaye ɗaya zai nuna mata shi. Kafin in samu wurin tsayawa in rugo, ta riga ta durƙusa a kansa a bakin titi, ta hana shi motsi, tana riƙe masa hannun da ya karye, farar rigar aikinta duk ƙura. Allah ya taƙaita, hular kwano ta cece shi. Motar asibiti ta zo, 'yan sandan hanya suka zo. Ɗan sandan ya tambaye ta ko ta duba kafin ta sauya layi, ta ce ba ta duba ba. Ya rubuta laifi a kanta. Ba ta ambaci sunana ba, ba ta ko kalle ni ba. Ni kuwa ina tsaye a gefe na yi tsuru-tsuru, ina ta gyaɗa kai kamar wanda ya zo jaje. Da ɗan sandan ya ce yalla, maza a janye motar daga hanya, ni na fi kowa saurin bin umarni.

Daga ranar ta ajiye makulli. Aka gyara motar aka dawo da ita, ta yi wata huɗu a ƙofar gida ƙura tana hawa. Ta koma jiran tasi. In na ce ta daure ta sake gwadawa, sai ta ce ita ba ta dace da tuƙi ba, wadda ta kusa kashe uban wasu ba ta da abin cewa. Abin takaici, ni ne nake lallashinta, ina ce mata tsautsayi ne, kowa yana kuskure. Ko a kan maganar da na faɗa mata a waya, uzuri take yi mini. Ta ce ta san babur ƙaramin abu ne, daga nesa zai iya ɓace wa mutum. Na bar ta a kan haka, don ya fi mini sauƙi ta ɗauka na duba ban hango ba.

Ita ta dage sai mun je duba mutumin. Muka same shi a unguwar Najma, a wani ɗaki da suke kwana su shida, gadaje a kan gadaje, hannunsa har lokacin a ɗaure rataye a wuya, don karayar ta ƙi haɗuwa da wuri. Ya karɓe mu da fara'a, ya sa aka kawo mana shayi. Da guntun Turanci da guntun Larabci ya ba mu labarin 'ya'yansa mata biyu da ke makaranta a ƙasarsu, ya ce kamfaninsu ya ce zai jira shi ya warke, amma zaman ɗaki ya ishe shi. Da matata ta fara ba shi haƙuri hawaye ya zubo mata, sai ya ce madam ta daina kuka, shi ma yana gudu a ranar. Mutumin da aka karya yana neman ya ɗauke mata rabin laifi, ni da na jawo komai ina zaune ina kurɓar shayinsa.

A mota kafin in tayar na faɗa mata. Na ce ranar nan ban duba na kasa hangowa ba, ban ga hanyar ba sam, bas ce a gabana, na faɗa ne kawai don kada in ce ban sani ba. Na zaci za ta yi faɗa, har na shirya haƙurin da zan bayar. Ta juya tana kallon titi. Sannan ta tambaye ni, a hankali, wata huɗun nan da take kwana tana tashi da mutumin nan a ranta, ina kallonta, me nake jira. Ta ce da na gani na yi kuskure, da ba komai, ido yana yaudarar kowa. Amma ta miƙa mini ranta da na wani, na amsa mata da ka. Na tayar da mota muka koma Al Wukair.

Bayan mako biyu ta nemo wata mata mai koyar da tuƙi da kanta, ba ta shawarce ni ba. Yanzu tana kai kanta aiki, wayarta a cikin jaka, kuma in na shiga motarta na san bakina ba shi da aiki. Ta ce ta yafe mini, na kuma yarda ta yafe. Sai dai akwai abin da ya rage wanda yafiya ba ta gyara ba. In ta tambaye ni ko na kashe gas na ce na kashe, sai ta tashi ta je ta duba. In na ce na kulle ƙofa, sai ta taɓa hannun ƙofar. Ba ta yi da gatse, ba ta ma san tana yi ba. Shekara goma sha biyar maganata tana isarta, na zubar da wannan a kan titi saboda kalma uku da na ji kunyar faɗa.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so masu karatu su ɗauka, musamman mu maza masu son a ce mun iya. Ba duk abin da ya burge ka a wani wuri ne za ka kwaso ka ɗora wa iyalinka ba, kuma in ka samu mutum yana koyon tsayawa da ƙafarsa, ka rufe bakinka ka bar shi ya koya. Mafi girma kuma, duk wanda ya dogara da kai ya tambaye ka abin da ba ka gani ba, ka ce masa ba ka gani ba, ko da girmanka zai zube a wurin. Ni na tsare nawa girman na daƙiƙa biyu, wani bawan Allah ya biya da hannunsa, matata kuma har gobe sai ta duba bayan na ce na duba.