Saƙon Uwa Zuwa Ga Ɗan Fari

A gidanmu na Gude, idan kaka ta yi, bayan sallar isha'i mukan kewaye murhun kakarmu Iya Tabawa, tana gasa mana ɗanyar gyaɗa a toka. Allah Ya jiƙanta, ba ta iya karatu ba, amma ban taɓa zama gaban malamin da ya fi ta iya riƙe masu sauraro ba. Takan ce, "Ku matso, ga wata tafe. Kai Malam Ƙarami, rufe bakin nan kada sauro ya yi masallaci a ciki." Da ni take.

Akwai wata tatsuniya da ta fi yawan maimaitawa. Wai wata mata ce ɗanta na fari ya bi fatake zuwa ƙasar goro ya daɗe. Bisa al'ada, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna tana marmarinsa. Saboda haka duk ayarin da zai tashi, sai ta tare madugu ta ce, "Ka gaya wa wancan, akuya ta haifi biyu, ƙanwarsa ta yi haƙori." Madugu ya ce, "Ke fa, Inna?" Ta ce, "Ni mece ce da za a ɗauki labarina a kai wata ƙasa?" Da ciwo ya kwantar da ita, sai ta aika cewa gero ya isa girbi, babu mai girbewa. Ɗan ya ji, ya sayi sabon magirbi ya aiko. Magirbin ya iso ana zaman makoki.

Mukan yi ta kururuwa, "Iya, don me ba ta ce ya zo ba?" Sai ta ture itace cikin wuta ta ce, "Ai ta ce. Shi ne bai ji ba."

Yau ga ni da furfura a Kabo, ina karantar da fiƙihu a zaure, kuma tatsuniyar ta shigo har cikin gidana. Ɗanmu na fari yana sana'a a Fatakwal. Mahaifiyarsa, Hajiya Rabi, ciwon ƙoda ya ci ƙarfinta, likita ya yi mini bayanin da ba na iya maimaitawa. Duk da haka kullum sai ta sa a danna mata waya, ta gyara murya, ta aika masa saƙo: an yi roron wake, ƙanwarsa Safiya ta sauke izu goma, katangar baya ta zube.

Na ce mata, "Hajiya, na bincika littattafan da Allah Ya nufe ni da karantawa, ban ga inda shari'a ta hana uwa kiran ɗanta ba. Kunyar da addini ya yaba ba wannan ba ce."

Ta dube ni, idanunta sun faɗa, ta ce, "Malam, kai da ka karanta, sau nawa ka kira shi?"

Nan take tatsuniyar ta faɗo mini a rai. Na fahimci Iya Tabawa ba ɗan take zargi ba, ba kuma uwar ba. Tana neman wanda zai tsaya tsakaninsu ya faɗi maganar a fili.

Jiya da hantsi na kira shi. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, na ji saƙon Inna kan katanga. Zan sa a turo magini."

Na ce, "Abdulƙadir."

Rabon bakina da sunan nan tun ranar da na yi masa huɗuba. Ya ce, "Na'am, Baba?"

Na ce, "Bar maganar katanga. Ka taho yau."

Yanzu yana kan hanya. Ita kuwa tun asuba ba ta karɓi ko ruwa ba. Ya Allah, Kai ne Mai riƙe da ajali, Ka jinkirta mata har ya yi sallama a ƙofar ɗakin nan.